Ɗan gudun hijirar da ya mallaki banki: amsa ga wani ɗan Damasak mazaunin Damagaram

Tambaya: Ni mutumin Damasak ne. Mun tsallako Komadugu da iyalina a ƙarshen 2014, muka yi shekara biyu a yankin Difa, daga nan na yo yamma zuwa Damagaram. Yanzu ina da teburin tattasai da banda a Kasuwar Dole, ina kuma taɓa canjin naira da sefa. Na ji labarin wani ɗan gudun hijira a Yuganda da ya buɗe banki, ya kuma mallaki manyan gine-gine. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina irina zai fara? Sannan ƴan garinmu suna ba ni ajiya, ta kai miliyan 4 na sefa, ga wani fili ana tallata mini a hanyar Tanut. In saya da kuɗin ajiyar, in riƙa mayarwa a hankali?

Amsa: Ƙanena, sannu da ɗawainiya, Allah ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka bari. Na yi fiye da shekara ashirin a teburin bashi na banki, mafi yawansu a nan Damagaram, saboda haka bari in fara da wutsiyar tambayarka, don ita ce ta hana ni barci da na karanta. Kada ka taɓa kuɗin nan. Ko dala ɗaya kada ta shiga fili. Dalilin yana cikin labarin mutumin da ka ji, sai dai masu ba da labarin sukan tsaya kafin su iso wurin.

Labarin gaskiya ne. Sunan mutumin Sudhir Ruparelia. An haife shi a 1956 a Kabatoro, yammacin Yuganda, cikin gidan ƴan kasuwa da kakanninsu suka zo daga Indiya. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan ƙasar kwana 90 su tattara su fita, aka ƙwace kantuna da gidaje da masana'antu. Wajen mutum 28,000 Ingila ta karɓa, shi ma can ya faɗa yana ɗan shekara 16. Ya yi aikin ƙarfi a masana'antu da kantuna, ya tuƙa tasi, yana tara na tarawa. A 1985 ya koma Yuganda da dala 25,000 na Amurka.

Tsaya kan wannan adadin tukuna, don ana faɗinsa kamar ɗan canjin aljihu. A 1985 dalar Amurka tana wajen sefa 450, ka ga kuɗin sun haura miliyan 11 na sefar wancan zamani, tun kafin a karya darajarta da rabi a Janairun 1994. Tambayi kowane dattijo a unguwar Zango ta nan Damagaram abin da miliyan 11 ke saye a shekarun nan. Kuma ya shiga da su ƙasar da yaƙi bai ƙare ba: a Yulin shekarar aka kifar da Shugaba Obote, sai a Janairun 1986 Museveni ya kama Kampala. Kantuna wayam, kuɗin ƙasa ba daraja, masu hali suna neman hanyar fita. Wanda ya shigo da dala a hannu a irin wannan lokaci shi ne mai ido ɗaya a garin makafi.

Ya fara da shigo da kayan sha daga Kenya, giya ce kan gaba, kuma ba ita nake nuna maka ba. Abin dubawa shi ne haja ce mai saurin juyawa, kuma da yawa cikin masu sayenta baƙi ne masu biya da kuɗin waje. Da gwamnati ta hana shigo da giyar, ya riga ya san inda dala take da masu nemanta. A 1990 aka halatta shagunan canji a Yuganda, ya buɗe Crane Forex Bureau. Ribar canjin ya riƙa zubawa a filaye da gine-ginen Kampala lokacin suna arha, ta kamfaninsa Meera Investments. Bankin, Crane Bank, sai a 1995 ya zo, shekara goma bayan komawarsa. Otal ɗinsa na Munyonyo a bakin tafkin Biktoriya ya sauki shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2007, ya kuma sauki taron ƙasashen ƴan ba-ruwanmu a Janairun 2024. A 2014 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa a kan dala biliyan 1.1.

A nan ne ake tafawa a tashi. To ga sauran. Ranar 20 ga Oktoban 2016 Babban Bankin Yuganda ya karɓe ragamar Crane Bank, ya ce jarinsa ya faɗi ƙasa da abin da doka ta tanada saboda basussukan da suka maƙale. A Janairun 2017 aka miƙa kadarorinsa da ajiyar mutane ga wani banki, dfcu. An maka Ruparelia a kotu da sunan Crane Bank ana neman kusan shilin biliyan 397, shi kuma ya musanta zargin. A 2019 babbar kotu ta kori ƙarar bisa hujjar cewa bankin da ke hannun mai riƙon ƙwarya ba shi da hurumin shigar da ita, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, kwamitin majalisar dokokin ƙasar ma ya soki yadda Babban Bankin ya rufe bankuna. Ya ci nasara a kotu, amma bankin da ya shekara 21 yana ginawa bai dawo ba. Gine-ginen kuwa suna nan tsaye, ana biyan haya.

Me ya sa banki ke faɗuwa cikin mako guda, gini kuwa ya tsaya? Saboda kuɗin ajiya ba su da haƙuri. Mai su yana iya sallama da asuba ya ce a ba shi abinsa, kuma ba ka da ta cewa. Siminti kuwa in ya sha ruwa ya kama, ya kama ke nan; bulo ba ya komawa takardar jika goma don mai ajiya ya matsu. Duk aikin banki a kan wannan siraɗin yake tafiya: karɓar kuɗin da za a iya nema gobe, a ba da su bashin da sai bayan shekaru zai dawo. Shi ya sa ake tilasta wa banki ajiye jari mai kauri na masu shi, ake ƙayyade abin da zai ranta wa mutum ɗaya, ake sa ido sosai kan bashin da yake bai wa masu hannun jarinsa da ƴan'uwansu. Manyanmu sun ga abin da ya sami BDRN, bankin raya ƙasa, da basussuka suka maƙale bayan faɗuwar kasuwar uraniyom, har aka rufe shi a 1990 aka kafa SONIBANK. Banki ne mai gwamnati a bayansa. Kai da teburinka a Kasuwar Dole, da miliyan huɗun mutane a hannu, ƙaramin banki ne wanda ba shi da kowa a bayansa sai Allah da sunansa.

Na ga wannan da idona, ba a takarda ba. A daminar 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, iyaka ta rufe, takunkumi ya hau, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira a rana. Wani ɗan canji da na daɗe da sani, mutumin kirki wanda ban taɓa jin ya ci na kowa ba, ya yi sallama a zaurena bayan isha'i. Ya zauna a gefen tabarma ya buɗe wani littafin ƴan makaranta da bangonsa ya yi laushi don gumi, sunaye sun fi talatin, kowane da adadinsa. Ya sa yatsa kan wani layi ya ce wannan matar gobe za a yi wa ɗanta aiki a asibiti. Kuɗin duka suna cikin shaguna takwas da ya tayar a bakin wata sabuwar hanya. Sun kai linta, ba rufi, ba ƙofa. A shekara uku da ya yi yana karɓar ajiya, ba a taɓa samun mutum uku sun zo nema rana ɗaya ba. A wannan makon kusan kowa ya zo. Ya sayar da shagunan ƙasa da abin da ya kashe a kansu, ga mutumin da ya san a matse yake, ya biya kowa har tamma ta ƙarshe. Bai ci amana ba, amma har yau in an ambaci sunansa a rumfar canji sai wani ya ce ai shi ne wanda aka yi wa layi a ƙofar gida.

Ka lura kuma su wa ke ba ka ajiyar. Mutanen da suka taɓa barin komai cikin dare ne. Ranar da aka ce hanyar gida ta buɗe, ko wata jita-jita ta tashi a kan takardun baƙi, tare za su zo, don abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ajiyar ƴan gari ɗaya ta fi kowace ajiya saurin tashi lokaci guda.

Abin da za ka yi da miliyan huɗun mai sauƙi ne. Ka raba su da kuɗin kasuwarka raba ta har abada: asusunsu daban a banki, littafinsu daban, kowa ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaida, kuma wani amintacce a gidanka ya san inda littafin yake. In akwai wanda yake so a juya masa kuɗinsa, ku zauna a gaban malami a faɗa baki da baki cewa wannan jari ne na raba riba, ga kason kowa, ga wa'adi, in an faɗi ba da sakaci ba mai kuɗi ya ɗauki asarar kuɗi, kai ka ɗauki asarar wahala. Malamanmu sun daɗe da bambanta ajiya da jari, kuma dokar banki ta zamani a kan wannan bambancin ta ginu.

Yanzu ga tambayarka ta ina za a fara. Maganar buɗe banki ka ajiye ta gefe, ba don na raina ka ba. Tun daga farkon 2024 mafi ƙarancin jarin da ake nema a ƙasashenmu masu sefa ya tashi daga biliyan 10 zuwa biliyan 20, ban da binciken babban bankin ƙasashen, BCEAO, da hukumar sa ido kan bankuna. Ƙofar da Ruparelia ya bi a 1995, a ƙasar da ke farfaɗowa daga yaƙi, ta daɗe da ƙuntata a ko'ina. Abin da ke koyuwa a wurinsa jerin matakan ne: haja mai saurin juyawa tukuna, sannan canji, sannan ƙasa da ribar kansa. Kai ma a mataki na biyu kake, ko ba ka lura ba.

Kuma ba hannu wofi ka zo ba, ko da aljihunka wofi ne. Sahabi Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina cewa ya yi a nuna masa kasuwa, don cinikin Makka yana cikin kansa. Kai ka san tattasan Komadugu tun yana fure, ka san wanda aka shanya a kan yashi da wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi, ka san bandar tafkin Cadi da hanci kafin a buɗe kwali, kana jin Barbarci da Hausa, kana da mutane a Difa da Gaidam da Kano. Ɗan gari mai miliyan goma ba zai sayi wannan sanin ba. Zangon Damagaram kansa baƙi ne suka raya shi, fataken sahara da Bugaje da mutanen Barno, tun zamanin Sarki Tanimu. Garin nan ya saba da baƙon da ya zo da sana'a.

Sai dai sani ba ya shiga fayil ɗin banki. Da nake kan tebur, abin da na fi baƙin ciki da shi shi ne ɗan kasuwa mai juya miliyoyi a wata ya zo neman bashi, in nemi shaidar cinikinsa ya nuna mini aljihun babbar riga. Takarda ce farkon komai. Ka tabbatar katinka na gudun hijira, wanda hukumar tantancewa ta ƙasa ke bayarwa bisa dokar 1997, bai ƙare ba. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, maganar takardun baƙo ta ƙara nauyi. Ka yi rajistar kasuwanci, ka karɓi lambar haraji ta NIF, ka buɗe asusu da sunanka, kuɗin tattasai su riƙa shiga suna fita ta cikinsa ko da kwana ɗaya za su yi. Bayan shekara guda, takardar motsin asusun nan za ta yi maka magana fiye da rantsuwar mutum goma. In ranar bashi ta zo, ka sani a 2014 an sa iyakar ruwa a kan kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya a sefa, har da kuɗin fayil da inshora, kada ka tsaya ga kaso. In zuciyarka ba ta kwanta da ruwa ba, akwai tsarin murabaha a bankin Musulunci, inda su za su sayi hajar su sayar maka da riba sananniya. Shi ma ka lissafa shi sosai, halal ba ta hana tsada.

Kan canji, kai ka fi ni sanin rumfa, abu ɗaya kawai zan tuna maka. Ranar da ka tsallako ruwa, jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Wanda ya riƙe dukiyarsa a naira tsawon shekarun nan ya yi asarar da ba ɓarawon da ya taɓa shi. Ka tuna kuma farkon 2023, da aka sauya takardun naira, yadda masu tsofaffin kuɗi a buhu suka riƙa neman mai karɓa ko da ragi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta tun Yunin 2023. Saboda haka ribarka ta kwana a sefa ko a haja, naira ta zama baƙuwar da ke wucewa. In cinikin ya girma, ka nemi izinin canji na hukuma, don mai canjin da ba takarda kullum a bakin ramin wani yake.

To, filin. Ba na hana ka ƙasa, ita ce ma ta tsaya wa Ruparelia da banki ya tafi. Amma da ribarka, kuma da ido biyu. Hanyar Tanut tana da farin jini tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, kuma dillalai sun san yadda ake sayar da wannan farin jinin. Tambayi wace takarda filin ke da ita. In shaidar mai gari ce kawai ta gona, to gona ka saya, kuma magada na iya tasowa. In an yi lotisma, wato hukuma ta yanka wurin fuloti-fuloti, akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, akt-da-sesiyon. Ka ɗauki lambar fulotin ka je da ƙafarka a duba a littafinsu sunan wa ke kai, don na sha ganin fili ɗaya da takarda biyu, kowace da hatimi. Wadda banki ke karɓa jingina ba gardama ita ce titir fonsiye, takardar cikakkiyar mallaka, kuma filaye da yawa a garin nan ba su da ita. A yi cinikin a gaban notar, mai tabbatar da takardun ciniki bisa doka, ka kuma tambaye shi tun farko abin da doka ta ce kan mai irin takardunka. Kada ka sa sunan wani ɗan gari don sauƙi. Yau aminin ne, gobe magadansa ne.

Bayan takarda sai ruwa, ta fuska biyu. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙishirwarta tsohuwa ce, kuma darajar fili a nan bututun famfo take bi. Filin da sai an sayo ruwa a kura kafin a kwaɓa siminti, tsadar gininsa daban, mai haya kuma ba ya daɗewa a ciki. Ɗaya fuskar ita ce damina. Kada ka sayi fili da rani ba ka gan shi a Agusta ba, ko aƙalla ka tambayi masu noma a gefensa inda ruwa ke kwanciya. Ruwan 2024 da ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a farkon Satumba, masallacin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya nuna wa mutane da yawa cewa kwari suka saya. In dillali ya ce wani na jira da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya sanya alheri. Fili ba ya ƙarewa a bayan gari.

Da ni ne kai, kafin fili ma sai in fara kama ɗakin ajiya mai kyau, busasshe, in sayi tattasai lokacin kaka da kuɗina, in fitar da shi sa'ad da ya yi wuya. Juyi uku ko huɗu na irin wannan, in Allah ya dafa, zai sayi filin ba tare da ka ji tsoron sallamar kowa da asuba ba.

Akwai wani ɓangare na labarin Yuganda da ya shafe ka fiye da duk abin da na faɗa. Shekara goma bayan korar, a 1982, aka yi dokar da ta ba waɗanda aka ƙwace wa dukiya damar dawowa su nemi abinsu, kuma a farkon shekarun 1990 aka mayar da gidaje da kantuna masu yawa. Waɗanda suka samu su ne masu shaidar mallaka. Wasu shekara ashirin suka yi suna adana ƴar takarda a ƙasan akwati a Landan. Kana da gida a Damasak, wataƙila da gonar tattasai a bakin kogi. Dattawan da suka san iyakarta, daga wace tsamiya zuwa wace gargada, wasu suna Difa, wasu suna nan tare da ku, kuma shekaru suna ja. Ka tara uku daga cikinsu a wannan watan, a rubuta abin da suka sani da sunayen maƙwabta ta gabas da yamma da kudu da arewa, su sa hannu a gaban mai unguwa ko liman. Ka ɗauki hoton takardar a waya, kofi ɗaya ya zauna wurin babban ɗanka, ɗaya ka aika wa ɗan'uwanka da ke can gida.